Hannun da Ya Rufe Makullin Mai

Daga Allah muka zo, gare Shi za mu koma, kuma ranar Talatar makon jiya Kaka ya riga mu tafiya. Ya cika da hantsi a ɗakinsa na kusa da zaure, bayan ciwon ƙirjin da ya kwantar da shi tun farkon damina. Kafin azahar mun kai shi makwancinsa.

Ban taɓa ganin mashina a ƙofar gidanmu kamar na ranar ba. Daga cikin garin Birnin Gwari suka zo, daga Randagi, daga Kutemeshi, har da na Dogon Dawa, ta hanyoyin da yanzu mutum ba ya bin su sai da dalili mai ƙarfi. Ina zaune a tabarma ina amsa gaisuwa, da yake ni ne babba a jikokinsa maza, idona kuma yana kan masu sauka. Kusan duk wanda ya tsaya, kafin ya ɗaga ƙafa daga kan mashin, sai ya kai hannun hagu ƙarƙashin tanki ya murɗa makullin mai ya rufe. Ba wanda ya ce su yi, kuma na tabbata da yawansu ba su ma san sun yi ba.

Wani dattijon ɗan acaɓa ya durƙusa gabana ya ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Baba. Ka san tsohon nan ya taɓa make min hannu a tsakiyar kasuwa, da furfurata da komai, don na bar mai a buɗe?" Ya fara dariya, dariyar ta juye masa, ya ja hula ya rufe fuska. Kanikawan bakin tasha suka zo a tare, hannuwansu baƙi ƙirin, babbansu yana cewa yau an tafi da kunnen garin nan. Can gefen tabarma wani Bafulatani ya zauna shi kaɗai da sandarsa, bai shiga hirar kowa ba, sai "Allah ya ba shi aljanna" yake ta maimaitawa.

Kafin a sallace shi liman ya juyo ya ce duk wanda mamacin ya taɓa saɓa wa, ya dubi girman Allah ya yafe masa. Maza suka amsa, "Mun yafe." Aka aika cikin gida, mata ma suka amsa. Sai da muka dawo daga maƙabarta kakata, wadda muke ce wa Tsohuwa, ta ja ni gefe ta ce, "Kowa ya amsa, ban da uwarka."

Inna take nufi. Ba ita ta haife ni ba, matar Baffana ce, ƙanin mahaifina. Iyayena sun rasu ina ƙarami, Baffa ya ɗauke ni, Inna ta goya ni tun kafin ta goya nata. Ita ce uwata, shi kuma kakana ne, ga shi shekarun nan na baya ina zaune tsakaninsu a gida ɗaya ba ta ce masa ko ina kwana. Duk garin nan ya san dalili. Tsorona shi ne nan gaba a manta komai nasa a riƙe dalilin kawai, shi ya sa na zauna rubuta wannan. Kuma tun ranar Talatar nan ban roƙi Allah wani abu ba kamar in ji Inna ta yafe masa.

Kaka bakanike ne, amma ba na kowane gyara ba. Taya ko birki ka kawo, zai nuna maka wani da baki. Shi kabireta ya sani, ɗan ƙarfen nan da ke haɗa fetur da iska kafin su shiga inji, har sunansa na yanka ya ɓace a gari, sai Baba mai kabireta. Rumfarsa a jikin katangar gidanmu take. Babu komai a ciki sai benci, da akwatin kayan aiki, da wani kwanon sha da ya sace wa Tsohuwa tun ina yaro yake wanke ƙananan ƙarafa a ciki. Har ya koma ga Allah tana cigiyar kwanon nan. Ni kuwa, da yake jika da kaka ba a raba su da tsiya, nakan tsaya bakin rumfar in ce, "Tsoho, ka sakar min matata, ka ishe ta da warin fetur."

Yakan ce, "Ja'iri, shiga ka tambaye ta. Da warin nan na ƙwace ta daga hannun mai sayar da turare."

Idan aka turo masa mashin ya ƙi tashi, ba ya ko motsawa daga benci. Zai ce, "Buga in ji." Ka buga kiki, ya karkata kai, ya lumshe ido. Sai ya ce ka cire fulogi ka miƙo. Ya duba, ya shinshina. In ya ga fulogi a jiƙe, to mashin ya sha mai har ya shaƙe. In ya gan shi a bushe ƙayau, to man ne ba ya isowa, sai a bi tiyo daga tanki a ga inda ya tsaya. Yana da wata magana da duk wanda ya taɓa zama a bencin nan ya haddace: "Mai yake nema, ko wuta, ko iska. Ka tambaye shi wanne ya rasa, kana ta dukansa kamar jakin aro." Wanda mashin ɗinsa ya shaƙe da mai kuwa, zai ce masa ya rufe makulli, kar ya kuskura ya taɓa cok, abin nan mai rage wa inji iska, ya murɗe totur har ƙarshe ya yi ta bugawa. Za ka ji injin ya yi tari, ya yi tari, sannan ya kama da baƙin hayaƙi.

Yoyon mai shi ne abin da ya fi tsana a duniya. Ya sha nuna min yadda abin yake. A ƙasan kabireta akwai ɗan kofi inda mai ke taruwa, a ciki akwai wata 'yar roba mai shawagi a kan man, tare da wata 'yar allura. In kofin ya cika, robar ta taso ta tura allurar ta toshe ƙofar mai. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta hana allurar nan zama. Daga nan mai zai yi ta kwarara, ya cika kofi, ya bi ɗan tiyo yana ɗiga ƙasa, wani lokaci ya gangara cikin inji ya jiƙa fulogi. Kaka yakan ƙwanƙwasa kofin da ƙotar sukundireba, in ɗigar ta tsaya sai ya ce, "Kar ka yi murna, lallashi na yi, ba magani ba." Maganin shi ne a kwance, a wanke a kwanon Tsohuwa, ya hura ƙananan ramukan da bakinsa, ya ɗaga su sama ya rufe ido ɗaya sai ya hango haske ta ciki. In ya ga wani yana zura waya a ramin nan, ranar sai an ba shi haƙuri, don ya ce waya tana faɗaɗa rami, mashin ya koma shan mai har ƙarshen rayuwarsa.

Da daji ya lalace, aikinsa ya ƙaru. An yi lokutan da ba a samun fetur sai a kwalba wurin 'yan bumburutu, da ƙasa da ruwa da komai a ciki. Kaka yakan ɗiga shi a tafin hannu ya hura, in bai bushe nan take ba ya yamutsa fuska ya ce an yi masa haɗi. Tsofaffin ɗankwalayen Tsohuwa duk a rumfar nan suka ƙare, da su yake tace wa mutane mai. Duk da haka rabin mashinan garin nan ɗiga suke yi.

A shekarun ne Bafulatanin da na ce ya zauna gefen tabarma ya turo mashin ɗinsa tun daga rugarsu, da matarsa ba lafiya a zaune a kai. Mutum ne da aka sani, iyayensa ma a nan suka tsufa, shi ma mutanen daji sun kore masa shanu. Amma lokacin kowa tsoro yake a gan shi yana gyara wa Bafulatani mashin, kar a ce yana yi wa daji aiki. Rumfa-rumfa ya bi ana ce masa ba lokaci. Kaka ya ce, "Buga in ji." Ya shimfiɗa wa matar buhu a inuwa, ya sa aka kawo mata ruwa daga cikin gida, ya kwance kabiretar ya zubar da ruwan da ya taru a kofi. Da yamma maƙwabta suka zo suna yi masa faɗa. Ya ce, "Na san uban mutumin nan. Ku kuma in kun ga laifinsa ku faɗa, in ba ku gani ba ku matsa min daga haske." Wasu sun daina kawo masa aiki na ɗan lokaci, daga baya mashinansu suka dawo da su.

Wanda bai zauna a ƙasar nan ba, ba zai gane abin da tashin mashin yake nufi a wurinmu ba. A wani gari in mashin ya ƙi tashi, ka makara ne kawai. A nan, in kana gona ka ji ƙarar mashina da yawa daga wajen daji, bugun farko shi ne naka. Shi ya sa manomi yake ajiye mashin yana fuskantar gida, da ɗan mabuɗi a jiki. Kuma shi ya sa mutane suka fara barin makullin mai a buɗe, don sun ce in tashin hankali ya zo ba mai tuna ya buɗe. In ka manta kuwa, mashin zai tashi da ɗan man da ya rage a kofi, ya yi 'yar tafiya da kai, sannan ya mutu a tsakiyar hanya.

Kaka ya ce wannan dabarar ita za ta kashe mutane. Da irin man da muke sha, in ka jingine mashin tun safe a karkace da mai a buɗe, kafin azahar ko tankin ya tsiyaye ko injin ya shaƙe. Dokarsa ita ce a rufe, sannan a koya wa hannu buɗewa. Hannun hagu ya kai ga makulli tun kafin mazaunai su taɓa kujera. In ya gama maka gyara, ka hau ba ka yi haka ba, zai sa ka sauka ka sake hawa a gaban jama'a, ko kai wane ne. Ni na sha sauka har na daina jin kunya. Shi kansa kuma ba ya iya wuce mashin yana ɗiga. A ƙofar masallaci, a kasuwa, a gidan biki, sai ya sunkuya ya rufe ya yi gaba abinsa. Waɗanda suka san halinsa sun saba, in suka fito suka ga mai a rufe sai su ce Baba ya wuce ta nan.

Mutum ɗaya ne ya ƙi wannan doka, shi ne ɗansa na cikinsa. Baffa manomi ne, kuma duk 'ya'yan Kaka babu wanda ya ɗauko taurin kansa kamar shi. Ina nan a zaure wata safiya suka yi ta, Baffa yana shirin fita, Kaka ya riga ya rufe masa mai.

Baffa ya ce, "Baba, kai a rumfa kake wuni. Ba ka taɓa jin harbi a bayanka ba. Ranar da aka biyo mu a hanyar Kutemeshi ko sunana ban iya tunawa ba, balle wani makulli."

Kaka ya ce, "Shi ya sa na ce ka koya wa hannunka. Kai ne ke mantuwa, hannu ba ya yi."

"Nawa hannun ya girma da koyo. Don Allah, Baba, nawa dai a bar min shi a buɗe. Kar a riƙa taɓa min."

"To kawo in wanke maka kabiretar. Ga ta tana yoyo tun shekaranjiya."

"Bayan girbi."

"Kullum bayan girbi."

Inna tana bayan ƙofa da kwanon koko, ta ji komai. Na daɗe ina juya maganar nan tasu, kuma har yau ban iya cewa ga mai gaskiya ba. Kowannensu mutuwa yake gudu, hanyar ce ta bambanta.

Gonarmu ta masara a hanyar Randagi take. Girbi a shekarun nan cikin sauri ake yinsa, duk mai hannu sai ya je, don a kwashe kafin wasu su kwashe. Kaka ya ce zai bi mu, ko ɓare masara ya yi a gindin bishiya. Na ɗauke shi a bayana, Baffa ya hau nasa. Muka jingine mashinan a gindin ɗorawa, inda ƙasar take da gangara, Baffa ya wuce can ƙasan gona wajen rafi, ni na shiga tsakiya.

Abin da ya faru a gindin ɗorawar, daga bakin Kaka na ji shi daga baya. Ya ce da hantsi ya ji wari. Ya duba ya ga ƙasa ta jiƙe a ƙarƙashin mashin ɗin Baffa, mai yana ɗiga ba tsayawa, kuma ya san kwalba ɗaya aka zuba da safe. Ya ƙwanƙwasa kofin da ƙotar lauje, ɗigar ba ta tsaya ba. Ya ƙwala wa Baffa kira, nisa ya yi yawa. Ya ce ya daɗe a tsaye yana kallo, yana tuna an ce kar ya taɓa. Sannan ya sunkuya ya rufe, ya ce a ransa in Baffa ya hauro cin abinci da azahar zai faɗa masa.

Kafin azahar mutanen daji suka zo. Ƙarar mashina muka fara ji daga wajen daji, sannan harbi. Na yar da buhu na ruga gindin ɗorawa, hannuna ya buɗe mai ban ma sani ba, bugu ɗaya ya tashi, na jawo Kaka baya. Muna ɗagawa Baffa ya hauro a guje yana ɗaga mana hannu, "Ku tafi! Ku tafi!" Kaka ya juya yana ihu, "Na rufe mai! Buɗe mai!" Ga ƙarar injina, ga harbi, ga muryar tsoho. Baffa bai ji ba. Nasa ma bugu ɗaya ya tashi, kuma kamar yadda kowa yake yi don kar a haɗu a hanya ɗaya, ya bi ta ƙasa wajen rafi, mu muka bi ta tudu.

Kaka yana ta dukan bayana yana kiran sunan ɗansa. Ni ban ji komai ba sai ƙara, amma shi kunnensa yana kan inji ɗaya a cikin duk injinan nan. Can na ji ya daina duka. Ya ce, "Ya yanke." Na waiwaya, mashinansu sun riga sun cika tsakaninmu da rafi. Kaka ya kifa kansa a bayana yana salati har muka shigo gari.

Washegari maza suka je da 'yan sa-kai suka ɗauko shi. A gefen hanyar rafi suka same shi, takalmin ƙafarsa ta dama ya tsinke saboda bugun kiki. Mashin ɗin yana kwance cikin ciyawa, da sauran mai a tanki, makulli a rufe. Waɗanda suka gani suka ce, Allah sarki, tsoro ya sa ya manta bai buɗe ba. Da a haka maganar za ta tsaya har abada, don ni ban yi niyyar buɗe baki ba, kuma ba wani wanda ya sani. Amma ana gama sallar gawa Kaka ya miƙe a gaban jama'a ya ce, "Bai manta ba. A buɗe ya bar shi. Ni na rufe ban faɗa masa ba."

Liman ya ce, "Baba, ƙaddara ce, kwanansa ne ya ƙare."

Kaka ya ce, "Na sani, Malam. Amma a faɗi yadda aka yi, kar a ce yaron nan sakarai ne."

Daga baya wani bakanike ya kwance kabiretar Baffa, don Kaka ya ƙi taɓa ta, ya sami yashi a bakin allura. Masu sanin aikin da yawa sun ce da an bar man a buɗe tun hantsi, da mashin ɗin bai ma tashi daga gindin ɗorawa ba. Ni ma haka na yarda, amma ba zan iya rantsuwa ba, kuma ba mai iyawa. An kai wa Inna wannan bayanin. Tsohuwa ta ce abin da ta amsa kawai shi ne, "Ya ce kar a taɓa masa."

Inna ta gama takaba ta zauna a gidan saboda ƙannena. Ba ta taɓa yi wa Kaka rashin kunya ba. Ita ke tuƙa masa tuwo mai laushi saboda haƙoransa, ita ke aiko masa da ruwan zafi da asuba. Gaisuwar ce kawai ta ɗauke. A da kullum da safe takan durƙusa a bayan ƙofar zaure ta ce, "Baba, an tashi lafiya?" ya amsa ya sa mata albarka. Bayan rasuwar Baffa, lokacin nan yana yi sai ka ji Kaka yana gyaran murya a zaure, yana kakkaɓe benci, yana jira. Har rana ta ɗaga ya fita rumfa.

Bai ƙara taɓa makullin man kowa ba. Bai ƙara make hannun kowa ba. In ya ga mashin yana ɗiga sai ya tsaya a kansa, ya goya hannuwansa a baya ya riƙe ɗaya da ɗaya, ya yi ta kira, "Mai mashin nan! Mai yana zuba!" har mai shi ya fito. Na taɓa samunsa a ƙofar masallacin Juma'a a tsaye cikin rana, kowa ya watse, mai mashin ya tsaya hira a ciki, shi kuma yana kallon fetur yana bin ƙasa, hannuwansa a goye a baya. Na ce masa, "Tsoho, zo mu tafi, ko ka bar min matata ni kaɗai a gida?" Ya dube ni ya ce, "Ɗauke ta, na bar maka." Ban ƙara yi masa wannan wasan ba, kuma duk abin da ya same mu a shekarun nan, wannan amsar tana cikin waɗanda suka fi yi min ciwo.

Da ciwo ya tsananta, ya sa Tsohuwa ta kira Inna. Ta zo ta durƙusa a bayan labule, ina zaune a bakin gadonsa. Ya ce, "'Yar nan, ban ce ban yi ba. Na yi. Ki dubi Allah ki yafe min." Muka zuba wa labulen ido. Labulen ya ɗan motsa, hannunta ya turo kofin kunu ciki, sannan muka ji takunta yana komawa. Na yunƙura zan bi ta, Kaka ya riƙe min riga. Ya ce, "Kar ka matsa mata. Kar ka bari kowa ya matsa mata. Miji na raba ta da shi." Na yi masa alkawari, shi ya sa ko ranar jana'iza, da Tsohuwa ta faɗa min, ban ce wa Inna komai ba.

Jiya aka yi sadakar bakwai. Da hantsi na mayar da tabarmin da muka aro, na tsaya na zuba man kwalba a hanya, na dawo na shigar da mashin zaure. Ina sauka wasu baƙi suka tare ni da gaisuwa, hankalina ba ya jikina, na wuce ban rufe mai ba. Bayan sun tafi na shiga ɗakin Kaka na zauna. Kwanon shan nan yana ƙarƙashin gado, na ɗauko shi da niyyar in mayar wa Tsohuwa kayanta. Sai na ji warin fetur.

Na leƙo. Inna ce a tsaye a zaure, da mayafinta, da alama maƙwabta za ta shiga mayar da tukunya. Ta tsaya a kan mashin ɗina tana kallon ƙasa, inda mai yake ɗiga yana bin siminti. Ba ta gan ni ba. Ta duba ƙofar waje, ba kowa. Ta duba cikin gida. Ta yi taku biyu za ta wuce, ta dawo. Ta daɗe a haka, tukunya a hannu. Sannan ta ajiye ta, ta sunkuya tana lalube ƙarƙashin tanki, don ba ta taɓa taɓa mashin ba sai dai a ɗauke ta a kai. Ta samo makullin ta murɗa. Ɗigar ta ragu, ta tsaya.

Ta ɗago ta gan ni a bakin ƙofa da kwano a hannu. Ta ce, "Kai. Na rufe maka mai."

Na ce, "To, Inna."

"A'a, dube ni. Na rufe maka mai. Ka ji?"

"Na ji, Inna."

"Faɗa in ji."

"Kin rufe min mai."

Ta dubi hannunta, ta shinshina yatsunta, ta goge su a gefen zani. Ta ce a hankali, kamar ba da ni take ba, "Ashe ba a iya tsayawa ana kallo." Hawaye yana bin fuskarta, ba ta share ba. Ta ce, "Ka je ka gaya wa liman, saƙon da ya aiko cikin gida ranar Talata, na amsa. Na yafe masa. Allah ya jiƙan Baba, ya haɗa su da ɗansa a inuwa ɗaya."

Na ce amin. Shekaru tsohon nan yana gyaran murya a zauren nan yana jiran kalmar, ga ta ta zo a daidai wurin, shi kuma yana ƙarƙashin ƙasa tun makon jiya. Allah ya isar masa da ita inda yake, ya yafe masa, ya yafe wa Baffa, ya kawo mana ƙarshen abin da ke cikin dajin nan.

Na ajiye kwanon na turo mashin waje zan tafi gidan liman. Inna ta biyo ni har bakin zaure ta tsaya, idonta a ƙarƙashin tanki. Ba ta koma ciki ba sai da ta ga na buɗe.